Muryar Baba a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. Mai sayen cuku sai ta tsaya ta ce, "Abu, kin ga teku?" Mai kawo mani madara daga rugga ta ce wai da gaske ne can mutane na cin ƙaguwa? Har maƙwabcina mai gyaran babur, wanda gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa, ya leƙo ya ce in ba shi labari. Bakina ya gaji. Ga shi nan zan zuba shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in ce ya je a karanta mashi.

Da farko ku sani ba yawon buɗe ido na je ba, Inna ce ta aike ni. Ƙanena Lawali ya tafi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Kwatano, ya gama, ya zauna can shi da abokanshi suna ƙera wasan bidiyo. Ba irin na ƙwallo da samari ke bugawa a shagon bakin tasha ba. Nasu na ban tsoro ne, mai labari a ciki, kai kake tafi da mutumin labarin da hannunka. Mu dai ba mu gane ba, muna ta cewa Allah ya taimaka. Sai ran nan ɗan ƙanen Inna ya zo da salula ya nuna mata guntun tallar wasan. Duhu, bakin rijiya, sai wata murya daga ƙasa ta ce, "Ja!" Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Muryar Baba ce.

Babanmu mai yasar rijiya ne. Rijiyoyin ƙasarmu kun san su, in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai dai ka jefa tsakuwa ka jira. A ɗaya daga cikinsu, wajen Korahane, mugunyar iska ta kama shi a ƙasa. Ya ce a ja, aka ja, kafin ya iso baki rai ya yi halinshi. Lawali na cikin masu jan igiyar ranar, yana ɗan kwaleji ya zo hutu. Kafin nan, a wata rijiyar daban, ya taɓa ɗaukar muryar Baba da salularshi ta farko don wasa. Ita kaɗai ce muryar Baba da ta rage a duniya, kuma tun rasuwar ba wanda ya yi ƙarfin halin cewa a kunna.

Na kira Lawali, ya ce, "Yaya, abin ba ya bayyanuwa da baki, sai an buga." Inna ta ƙi ko taɓa salular. Ta ce mani, "Ki tahi ki gani da idonki. In ya maida ubanshi dodo don ɗiyan duniya su yi wasa, ki hwaɗa mashi ya hidda shi. In ya ƙiya, kar ya zo mani Salla, kar ya zo mani komi." Inna ba ta maimaita magana. Na san in na dawo da mugun labari, na rasa ƙane ina ji ina gani. Amma ranar tafiya sai ga ta da ƙullin dakakken gero, ta tura shi cikin jakata ba ta ce ko na wa ba ne.

Daga Dakoro zuwa Maraɗi ba labari, ban da ragon da aka cusa ƙarƙashin kujerata ya cinye mani gefen mayafi. A Maraɗi na shiga babbar kar, Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da Hajiya Tabawa, mutuniyar Tibiri mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar Kwatano kamar hanyar ɗakinta. Kafin mu kai Ƙonni ta tatse ni tas. Da na gaya mata sana'ar ƙanena sai ta dafe ƙirji.

"Biyanshi ake yi don ya tsorata mutane? Ikon Allah! Uwar mijina da ta san ana biya, da ta gina bene."

Sanyin na'urar motar ya so ya kashe ni. Ni da na taso a rana, sai ga ni ina makyarkyata cikin mayafi mai guntun gefe, Hajiya na mani dariya. Mun sauya mota a Doso, muka gangara Gaya. Lokacin gadar babban kogin da ke kan iyaka a rufe take, sai dai a ƙetare da kwale-kwale. Jama'a, ni ɗiyar mai rijiya ce. Ruwan da na sani a ƙasa yake, sai an sha wuya ake ganin shi. Ga shi nan an shimfiɗa shi a banza, ido bai kai ƙarshenshi ba! Aka loda mu da babura da buhunan albasa. Jirgin na motsawa na rungume buhun wani bawan Allah, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har ta shiga kasuwa. Hajiya kuwa gyaɗa take ci abinta. Ta dube ni ta ce, "To ga shi kin samu kyauta, abin da ƙanenki ke saidawa."

A Malanbil mai duba takardu ya ga kart ɗina na shaida da na allurar rigakafi, ya buɗe jaka ya ci karo da cuku. Ya juya shi, ya shinshina, ya tambaye ni da Faransanci ko sabulu ne. Na ɓalla mashi guntu. Ya tauna, ya tauna, ya ce da daɗi, amma fuskarshi ba ta yarda da bakinshi ba. Daga nan sai doguwar hanya, Kandi, Faraku, ƙasa ta koma ja, itatuwa suka yi yawa har suka fara ba ni haushi don ba a ganin nesa.

Hajiya ta sauke ni a Zongo, gidan wata ƴar'uwarta. Hausa ake yi a unguwar, amma gaisuwarsu gajera ce. Ka ce ina kwana, kafin ka kai ga ina gajiya mutum ya hau babur ya ɓace. Zafinsu ma daban ne, jiƙaƙƙe, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Wankin da na shanya ya kwana bai bushe ba, cukun da ke yin wata da watanni a Dakoro ya yi laushi ya fara fidda gashi. Abinci kuwa aka kawo mani akasa, wani farin tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da miya ja wur. Na sa hannu na ɗago ƙafar ƙaguwa. To mai madara, amsarki ke nan, suna ci, ni ma na ci, ban mutu ba.

Da safe Lawali ya zo. Ya rame, ya tara gemu, ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Ya tambayi kowa har akuyar gida kafin ya ce, "Ta yi hushi sosai?" Na ce, "Ta yi. Ga kuma geronka." Ya karɓi ƙullin da hannu biyu.

Wajen aikinsu ɗaki ne guda a saman shagon wani tela. Na zata zan ga injuna, sai na tarar da tebura da wayoyi a warwatse da kwanonin da ba a wanke ba. Wadda na fi sabawa da ita Senami ce, ƴar garin, ita ke zana duk abin da ake gani a wasan. Da guntun Faransancina na kwaleji muka fahimci juna. Rana tsaka suka saki labule, suka ɗora mani abin ji a kunne, suka danƙa mani manet, wato abin da ake latsawa a tafi da wasan.

Labarin na wata yarinya ne da ta dawo ƙauyensu neman ubanta, ta tarar ba kowa. Gaskiya zan faɗa, tun farkon shiga na raina kaina. Ƙauyen irin namu ne sak, dangar kara, rumbu, rana ƙwal. Ga turmi a tsakar gida, taɓarya a ƙasa tana ɗan mirginawa kamar yanzun nan aka sake ta. Akuya ta yi kuka bayan kunnena na hagu, na waiwaya da gaske, sai na ga Senami na danne dariya. A fim kana zaune kana kallon wawa zai shiga ɗakin da bai kamata ba, kana ce mashi kar ka shiga. A nan kai ne wawan, kuma in ba ka shiga ba, ba wanda zai shigar maka. Ƙafar yarinyar ce ke tafiya amma ni ce ke jin tsoron.

Na kai ta ƙofar wani ɗaki na tsaya na ce, "Salamu alaikum." Na jira. Lawali ya ce, "Yaya, shiga mana." Na ce ina abin latsawa na sallama? Ya ce babu. Na ce, "Kai ɗan Dakoro ka gina gari guda ba wajen sallama?" Da na shiga kuma wai sai na buɗe adakar matar gida, in kwance ƙullin tsummanta, in leƙa ƙarƙashin gado. Na ce Allah ya kiyaye, ba a haife ni da wannan hali ba. Ya ce ai labarin a cikin kayan mutane yake, kowane abu ka ɗaga sai ka tsinci guntu, kai za ka haɗa da kanka. Dabarar ta burge ni, don abin da ka tono da hannunka ya fi zama a rai. Amma ke nan mai kunya ba ya jin labari, sai mai bincike. Ni dai rabin labarin ya wuce ni, don ban iya hannu a kayan mata ba ko na ƙarya ne.

Can kuma aka kai ni wajen wani tsoho da shi kaɗai ya rage a ƙauyen, ya kama magana. Ya yi ta zuba, tarihin gari, wa ya haifi wa. Na latsa nan, na latsa can, manet ya mutu a hannuna, sai ya gama. Na aje shi na ɓalli kilishi. Kafin tsohon ya rufe baki duk tsoron da suka sha wuya suka tara mani ya huce. Na ce ma Lawali in wa'azi zai yi mani ya karɓi abinshi, in kuma wasa ne ya bar mani hannuna.

Wani abin mamaki, ashe tsoro ma kowa da na garinsu. Akwai wata tukunya da jan ƙyalle a mararraba, na bi ta kai na wuce ko a jikina, Senami ta ce ita da ta zana ta ma ba ta son kallonta. Ni kuwa da hanya ta bi ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, ga ƴar guguwa na juyawa a gindinta, na ce ko da kuɗi ba ni bi. Ita ba ta ga komi a wurin ba sai inuwa mai daɗi.

Sai dodon. Kafin in gan shi ya gama da ni. Jan ƙafa kawai nake ji a bayan danga, in na tsaya ya tsaya. Da ya fito na yi ihun da tela ya hawo daga ƙasa da almakashi a hannu. Ya kama ni, allo ya yi baƙi, aka rubuta in sake. Na sake, ya kama ni. Na kuma sakewa. Tun ina salati har na koma tsaki. Can na lura in na zagaya rumbu sai ya maƙale a jikinshi yana ta shure-shure kamar akuyar da aka ɗaure. Na tsaya gabanshi ina dariya har da hawaye. Senami ta ce sun sani, abin da ido ya saba da shi ba ya ban tsoro, amma in ba su nuna dodo ba masu saye sai su ce an cuce su. Duk da dariyar, hankalina na kan abu guda. Na kasa kunne sosai, dodon gurnani kawai yake, ba muryar Baba a bakinshi.

Kusa da ƙarshe wasan ya ce in zaɓa, hanyar masallaci ko ta kasuwa. Na bi ta masallaci, ta kai ni rijiya. Don son sani na ce a maido ni, na bi ta kasuwa, ta kai ni rijiyar nan dai. Na ce, "To mi ye amfanin tambayata? Wannan ai irin shawarar da miji ke yi da mata ce bayan ya riga ya sai da sa." Senami ta ce rigimarsu ke nan kullum. Duk wanda ya gwada wasan sai ya nemi a yi mashi hanyar da zai ceci uban, Lawali ya ƙi. Na dube shi, ya maida ido kan labule.

Rijiyar ba ta da wani abin ban tsoro. Gungume ne a baki, da sawun da igiya ta ci a jikinshi, irin wanda na sha sa yatsa a ciki ina yarinya. Yarinyar ta kama igiya. Manet ya fara rawa a hannuna, nauyi-nauyi. Sai na ji, "Ja!"

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Na latsa, na ja, yatsuna suka yi zafi. "Ja!" Wallahi na manta da Kwatano, na manta da ɗaki, abin da na sani kawai Babana na ƙasa kuma igiya na hannuna. Muryar ta riƙa raguwa, igiya na tahowa, murya na raguwa, har ta ɗauke. Allo ya yi baƙi. Aka rubuta in sake, na sake ba wanda ya ce mani. Na san ƙarshen, na ga yadda hanyoyin suke, amma na ce ƙila ban yi sauri ba ne. Dodo da maimaici ya zama abin dariya, wannan kuwa kowane maimaici ya fi na baya ciwo. Sai Lawali ya dafa hannuna ya zare manet ɗin a hankali.

"Yaya, ba ya hitowa. Na gwada."

Muka fita baranda, ina kuka ina jin haushinshi. Na ce, "Na gani, ba ka maida shi dodo ba. Amma mi ya kai ka?" Ya ce, "Kowa ce mani ya yi ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na yarda. Amma ba wanda ya san nauyin igiyar nan a hannu. Na so ko mutum ɗaya ya ji." Na ce na ji, kuma ba tatsuniya ko fim da zai iya sa mani wannan nauyi a hannu. Amma gobe wani ƙato a wata ƙasa zai zauna yana cin gyaɗa, yana sa ubanmu ya ce ja sau nawa ya ga dama. Na tambaye shi ko zai fidda muryar in Inna ta ce. Ya ce in ya fidda ta wasan ya mutu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar da zan taho ya karɓi salulata ya sa mani ɗaukar muryar ta asali, ya ce ta Inna ce, tun tuni ya kamata ya ba ta.

Teku kuwa, masu tambaya, na gan shi. Ruwa ne, ba a sha. Hanyar dawowa ban ma ji tsoron kwale-kwale sosai ba, tunanin abin da zan gaya ma Inna ya fi kogin girma. Sau da dama na ɗauko salular in kunna, sai in maida ta jaka.

Na tarar da Inna da la'asar a rumfa tana tsintar wake. Bayan gaisuwa ta ce, "To?" Na faɗa mata komi, har sallamar da ba a amsa mani ba. Na ce ba dodo ba ne, shi ne wanda kowa ke wahalar cetowa, kuma ba ya cetuwa. Ta ci gaba da tsinta, fuskarta ba ta saki ba. Na ce ya aiko mata da muryar. Hannunta ya tsaya cikin faifai. Sai ta ce, "Kunna."

Iska ce ta fara, da hayaniyar maza. Sai Baba daga can ƙasa, "Ja! Ja!" Na runtse ido don na san abin da ke biye a wasan. Sai kawai na ji ya ce, "To, ya isa, saki!" Sannan dariyarshi ta taso daga cikin rijiyar, irin wadda ke sa kowa dariya. "Kai Lawali, ban ji hannunka a igiya ba! Salular nan ce ko? Aje ta, ɗan nema!" Sai ƙyalƙyalar Lawali kusa-kusa, ɗaukar ta yanke.

Inna ta ce in sake. Na sake. Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Ashe yanke mashi magana ya yi. Mutumen da bai taɓa hitowa rijiya bai ba mutane dariya ba, shi za a bar ma duniya yana kururuwa? Kira mani shi."

Na kira, na miƙa mata. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Lawali. In za ka sa ubanka, sa shi duka. Har inda ya ce saki."

Ina jin numfashinshi daga inda nake zaune. Can ya ce, "Inna, in na sa dariyar, ba za ya yi ban tsoro ba."

"To sai mi? Tsoron ya ishe ka haka nan. Ka taho Salla."

Ta miƙo mani salular ta jawo faifanta. Na kara ta a kunne, kukanshi kawai na ji. Amma mai madara, ki tanado mani mai kyau kafin Salla, don cukun da na kai mashi ya lalace a can, kuma Inna ta riga ta sa an share ɗakinshi.